Baba mai firam na Samaru: hannu mai kyau, alƙawari sai haƙuri

Duk wanda ke da takarda ko ƙyalle ko allo da yake so jikokinsa su tarar da shi lafiya, ya kai wa tsohon nan mai firam da ke Samaru a Zariya. Wanda kuma hoton biki yake so a sa masa a gilashi kafin Juma'a, ya nemi wani wuri, don ransa zai ɓaci, na tsohon ma ya ɓaci. Shagon ba shi da allon suna. Yana cikin wani lungu a ɓangaren da ya fuskanci jami'a, kuma ɗaliban sashen zane-zane ne suka fi saninsa, su ne ma suka kwatanta min. Kowa Baba mai firam yake ce masa.

Kayan da na kai masa ba tarin attajirai ba ne. Abin da ya taru ne a hankali, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a saman wadirob, har Allah ya sa muka tare a gidanmu na Kaduna aka samu bango. Akwai allon zayyanar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda aka yi masa lokacin saukar karatu. Akwai Ayatul Kursiyyu da wani malamin unguwarmu ya rubuta da alƙalami da tawada, tun ina yarinya take rataye a zaurenmu. Sai zanen gawayi na wani lungu a birnin Zazzau, soraye da zankwayensu, da babban zanen fenti na dawakin hawan sallah, su biyun daga hannun ɗalibai na saya lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka baje aikinsu. Sai ƙyallen shuni daga marinar Ƙofar Mata ta Kano, da faya-fayai masu launi da kakata ta bar min.

Ba abin mamaki ba ne a ce irin wannan mutum a Samaru yake ba a Kaduna ba. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, lokacin makarantar tana kwaleji, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da abin da suka gada a gida. Daga wancan lokacin zuwa yau kowace shekara ana yaye masu zane, kuma kowannensu yana bukatar katakon da zai ɗaure ƙyallen zanensa da firam ɗin da zai kai gaban malamai. Baba a wannan kasuwar ya tashi. Malaman sashen ne suka riƙa dawo masa da aiki suna cewa ba haka ake yi ba, har hannunsa ya faɗa.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfa. A rumfar ake yanka da gogewa, cikin ɗakin kuma akwai wani faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa takarda mai tsabta, ba a ɗora masa komai sai aikin da ake kai. Na ga yaron shagon ya matso da kofin shayi kusa da teburin, kallo ɗaya Baba ya yi masa ya koma da baya. Kafin ya taɓa kayana sai da ya wanke hannu ya goge sosai. Bai tambaye ni launin firam ɗin da nake so ba, wanda shi ne abin da na shirya amsawa tun a mota.

"Hajiya, wane bango za a kafa wannan? Rana tana taɓa shi da hantsi ko da la'asar? Bayan bangon kicin ne ko banɗaki? Kuna turaren wuta a ɗakin?"

Na ce Baba, wane gida ne ba a turaren wuta? Ya yi dariya ya ce shi ya sa ya tambaya.

Aikin da ya fi ba shi wahala, kuma wanda ya sa nake wannan rubutun, shi ne Ayatul Kursiyyun. Wanda ya fara sa ta a firam shekaru da yawa baya ya shafe bayan takardar kaf da gam, ya manna ta a kan kwalin katon, ya danna gilashi a kanta kai tsaye, ya rufe baya da ƙusoshi. Da Baba ya cire ƙusoshin, duk sun yi tsatsa, sai ga takardar ta yi ja-ja-ja kamar an jiƙa ta da ruwan goro, layukan kwalin sun fito a fuskarta tsaf. Ta ƙasa kuma, inda danshin damina ya riƙa taruwa, wasu haruffa sun bar takarda sun liƙe a gilashi. Ya ɗaga gilashin ga haske ya nuna min wasula biyu da rabin wani harafi zaune a jikinsa.

Ya gaya min gaskiya tun a nan: jan ba zai fita ba, haruffan da suka tashi kuma ba zai sake rubuta su ba, don shi ba marubuci ba ne, kuma hannun malamin ne ke da daraja ba nasa ba. Abin da zai iya shi ne ya tsayar da ɓarnar. Kwalin katon da filawud da selotef duk suna da wani tsami a jikinsu da ke ƙona takarda a hankali, muddin suna manne da ita ba za ta daina ja ba. Ruwa kuma ba ya shiga wannan aikin, domin tawadarmu gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku, ai shi ya sa ake wanke allo a sha rubutu. Saboda haka ta baya ya bi. Ya kifa takardar, ya riƙa feƙe kwalin da reza ɓawo-ɓawo, a bushe, har ya rage wani siririn fatar da ya ce in ya matsa mata takardar ce za ta yage. Ya bar wannan.

Yadda ya mayar da ita firam shi ne darasin da ya kamata duk mai sayen zane ya sani, ko ba Samaru zai kai ba. Ba a manna takarda. Ana rataye ta ne daga sama kawai, da 'yan ƙananan faci biyu na siririyar takarda mai ƙarfi, a liƙa su da kokon sitacin alkama da shi da kansa yake damawa. Gefe da gefe da ƙasa a bar su a sake. Dalili kuwa takarda tana numfashi da yanayi: da damina ta sha danshi ta buɗe, da hunturu ta bushe ta tsuke. In an ɗaure ta ta ko'ina ba ta da inda za ta motsa, sai ta yi tudu da kwari, ko ta tsage. Kokon kuma ko bayan shekara talatin ana iya ɗan jiƙa shi a cire ba tare da ya bar tabo ba. Sannan ya yanka farin kwali mara tsami, ya buɗe masa taga daidai girman rubutun, ya ɗora a kai. Mutane suna ɗauka wannan kwalin ado ne. Babban aikinsa shi ne ya hana gilashi taɓa tawada. Haka ya yi wa zanen gawayin ma, sai dai ya ninka kwalin don tazarar ta ƙaru, saboda gawayi yana zubar da gari.

Allon mahaifinmu kuwa akwati ya yi masa, mai zurfi, da gilashi a gaba. Maigidana ya kawo shawarar a shafa wa allon banish don zayyanar ta yi ƙyalli ta daɗe. Baba ya ce, "Alhaji, in ka shafa, ka shafa ke nan har abada. Burushin farko zai ja jan ya shiga cikin rawayan." Bai huda allon ba, bai sa masa gam ba. Ya lanƙwasa siraran wayoyin tagulla ya naɗe su da fata, biyu suka tallafi ƙafafun allon, ɗaya ta riƙe wuyansa a ƙarƙashin mariƙi, duka an kafe su a katakon baya da aka lulluɓe da farin saƙi. In ana so a fitar da allon, sukurori huɗu za a kwance. Kafin ya rufe akwatin sai da ya jingine allon a kan farar takarda na wasu kwanaki, ya ga ko garin itace zai zubo, wanda shi ne alamar ƙwaro na ci daga ciki. Bai zubo ba. Itacen aduwa ne, in ji shi, ba ya saurin ba da kai.

Na tsaya gaban akwatin nan ranar da na je ɗauka na daɗe ban ce komai ba. A gida allon baƙi-baƙi nake ganinsa, ashe duhun ɗaki ne da ƙura. A kan farin saƙin sai ga ja da kore da rawaya sun fito, har da wani siririn layi da mai zayyanar ya kewaye da'irorin da shi wanda ban taɓa lura da shi ba.

Ƙyallen shunin matarsa ce ta yi aikinsa, a gida. An lulluɓe katako da auduga da wankakken akoko, sannan ta ɗinke ƙyallen a kai da ƙananan ɗinki da zare mai launinsa, ba a ko gani. Masu firam na bakin titi ja suke yi su buga masa sitefula ta baya, bayan shekara biyu wayar ta yi tsatsa ta ci zaren. A nan ne muka yi dogon zance kan gilashi, kuma a nan ne kuɗi ke tafiya. Gilashin firam na gama-gari siriri ne, milimita biyu, ba irin na taga ba mai kauri da nauyi da ɗan kore-kore. Yana tare ƙura amma ba ya tare hasken da ke kashe launi. Akwai wanda ke tare kusan duk wannan hasken, sai dai daga Legas ake aiko masa da shi, farashinsa kuma da dala yake tafiya. Akwai na roba mara nauyi da ba ya fashewa, ya dace da gidan da ke da yara masu ƙwallo a falo, amma ba a sa wa zanen gawayi, don in an goge shi yana jan garin gawayin ya manne masa. Akwai kuma mai dishi-dishi da ake cewa ba ya ɗaukar ido. In akwai tazara tsakaninsa da zanen sai ya dusashe shi. Ni mai tsadar na saya wa rubutun da allon kawai. Ƙyallen na sa masa na gama-gari na kai shi bangon da rana ba ta zuwa, don Ƙofar Mata tana nan, allon da ke bakin marinar ma cewa ya yi tun 1498, in wannan ya koɗe zan sayi wani. Rubutun malam ba shi da na biyu.

Zanen dawakin bai sa masa gilashi ba, fentin mai ba ya bukata. Ya sake ɗaure ƙyallen a sabon katako, don na ɗalibin ya karkace, ya zagaye shi da siririn maɗaci. Gargaɗinsa biyu ne. Hayaƙin turaren wuta da feshin maganin sauro suna zama a kan fenti su yi masa danƙo, ƙura ta hau, don haka a nisanta shi da inda ake ajiye kasko, a riƙa kaɗe shi da burushi mai laushi, ba jiƙaƙƙen tsumma ba. Na biyu, in an ga ƙyallen ya ɗan saki a watan Agusta kada a ƙara masa ɗauri, hunturu na zuwa zai ja shi da kansa.

Inda muka saɓa da Baba shi ne wajen ido. Shi ɗan makarantar malaman jami'a ne: siririn firam baƙi ko launin itace, farin kwali, zane ɗaya a tsakiyar bango, sauran wuri fayau. Da na nuna masa wani firam mai ruwan zinare da fulawoyi da na gani a waya, cewa ya yi ƙawar amarya ba ta fin amarya ado. A kan wannan na ba shi gaskiya, musamman da na ɗora samfurin kusa da zanen gawayin na ga yadda ya haɗiye shi. Amma da ya ce in zaɓi faifai ɗaya mafi kyau a sa a akwati, sauran in ajiye, sai na ƙi. Mu ba yau muka fara jera kayan ado a ɗaki ba. Ɗakin kakata jere ne daga ƙasa har rufi, ƙore da tasoshi da kwanonin samira, ƙanana a kan manya, kowane launi da inda ya dace, kuma duk matar da ta shigo ta san ta karanta shi: wanne ne na gara, wanne aka sayo bayan an sayar da gyaɗa, wanne aka kawo tsaraba daga Makka. Kyan jere a cikarsa yake. Faifai ɗaya a cikin gilashi abin gidan tarihi ne, goma sha a haɗe kuwa ɗakin mace ne. Ya yi shiru, sannan ya ce to a ɗinka wa kowanne ɗan madauki na zare ta baya, kada a huda su da ƙusa ta tsakiya. Haka aka yi. Yanzu su ne abin da baƙi suke fara tsayawa a kai, kuma su ne mafi araha a duk gidan.

Wannan ne abin da zan ce wa duk mai zuwa wurinsa: ilimin kayan aiki nasa ne, a bi shi ido rufe. Amma yadda ɗaki zai kasance, mai ɗaki ne ya sani. In aka sakar masa komai, falon zai fito kamar ofishin shugaban sashe.

Shawararsa ɗaya a kan zaɓe da na riƙe ita ce kada a rataye duk abin da aka mallaka lokaci guda. Ina da wasu ƙananan zanen ruwa da na so in cusa a korido, ya ce in yi firam biyu masu girma ɗaya da ake buɗewa ta baya, in riƙa canza na ciki lokaci zuwa lokaci, sauran su kwanta a fayil tsakanin fararen takardu. Kuɗin firam ya ragu, zanen kuma suna hutawa daga haske, don fentin ruwa ya fi komai saurin koɗewa. Mai sana'ar da zai rage wa kansa ciniki da bakinsa ba kullum ake samunsa ba.

Kafawa a gida yaronsa ya turo, da injin huda bango da tef ɗin awo da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Yaron ya burge ni. Bai huda ko'ina ba sai da ya yanka tsofaffin jaridu daidai girman kowane firam, ya liƙa su a bango, ya ce, "Hajiya, ki zauna inda kike zama ki duba." Ƙa'idar da ake bi a wuraren baje koli ita ce tsakiyar zane ta kasance kusan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. Yawancin gidajenmu can kusa da silin ake kai hoto, sai an ɗaga kai kamar mai duban wata. A falon baƙi mun bi ƙa'idar. Amma a falon ciki, inda a kan kafet muke zama da tum-tum, da na zauna na ga jaridar ta yi min sama, sai ya sauke ta da taƙi guda. Wanda ya ƙirƙiro wancan awon bai yi lissafin masu cin tuwo a ƙasa ba.

Rubutun Alƙur'ani shi kuma ƙa'idarsa daban. Sama ya tafi, a bangon da ba ya haɗe da banɗaki, ba kuma inda masu kishingiɗa ke miƙe ƙafa ba. Dawakin ban sa su a bangon gabas ba, don a falon nan ake jam'i in baƙi sun yi yawa, ba na so mai salla ya ɗaga ido ya ga mahayi. Zancen hoton mai rai a gida malamai sun yi maganganu a kai, kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Ni dai na kai su korido, ɗakunan da ake salla kuma na bar musu rubutu da ƙyalle da soraye. Yaron bai bukaci a yi masa bayani ba, shi ya fara tambayar ina ne alƙibla.

Sauran aikin na sani ne kawai. Bulo rami ne da shi a ciki, ƙusar kankare tana fasa filasta ta yi lako-lako, don haka huda ake yi a sa fisha da sukuru, biyu ga kowane firam mai nauyi don kada ya riƙa karkacewa. Ba ya huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, saboda nan wayoyi ke bi. A kusurwoyin ƙasa na kowane firam akwai 'yan ƙananan roba da ke ɗaga shi kaɗan daga bango, iska ta riƙa wucewa, danshi kada ya kwanta. Bayan kuma an rufe shi ruf da takarda mai gam, don wanda ya taɓa cire tsohon hoto daga bango ya san abin da ke zama a can: tsaka, kyankyasai, gidan zanzaro. Ya hana ni sa komai a ƙarƙashin esi. Ya kuma ce in za a goge gilashi a fesa ruwan a tsumma, kada a fesa a gilashin, don yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam. Da alama har da wannan cikin abin da ya kashe ƙasan Ayatul Kursiyyun.

Yanzu laifuffuka, kuma suna da yawa. Na farko alƙawari. Baba ya ce min in zo bayan Sallah, ashe bai faɗi wace Sallah ba. Tsakanin ƙarama da babba na yi ta kira, wayar tana aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, ba ya ɗauka in yana aiki, kuma kullum yana aiki. Ba ya aiko da hoton inda aka kwana, WhatsApp sai ta wayar yaron. Na biyu, babu rasit. Ana ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya rubuta a wani tsohon littafin makaranta, shi ke nan. Ni da na bar allon ubana a wurin, hankalina bai kwanta da haka ba, sai da na ɗauki hoton kayan a kan teburinsa da shafin littafin. Na uku, kuma wannan ya fi damuna, ajiyar kayan mutane. Teburin aiki tsaf yake, amma ayyukan da ke jiran layi a jingine suke a bango kusa da ƙofa, an yafa musu tsohon zani, ga garin katako, ga wayoyin wuta a sake. Mutumin da ya san illar danshi da ƙura fiye da kowa bai kamata ya ajiye amanar mutane haka ba. Na faɗa masa, ya ce wuri ne ya yi kaɗan. Gaskiya ne, amma ba amsa ba ce.

Aikin ma bai fita ba tabo ba. Da muka kafa zanen gawayin, hasken taga ya nuna wani ɗan garin katako a cikin gilashin, daidai kan farin kwalin, in ido ya gan shi sau ɗaya ba ya daina gani. Firam ɗin ƙyallen kuma da hunturu ya kama sai kusurwa ɗaya ta buɗe baki, alamar katakon bai gama bushewa ba aka yanka. Duka biyun ya gyara bai karɓi ko sisi ba, bai kuma yi musu ba, amma ni na sha hanyar Zariya da gilashi a mota. Zaɓin katako ma kaɗan ne: maɗaci, wani fari mara nauyi da yake rinawa baƙi, sai 'yan samfura na roba da shi kansa ba ya so a zaɓa.

Tsada kuwa, abin da ya karɓa a firam ɗaya zai yi uku a wurin masu firam na kasuwa, ban da gilashin Legas. Ba ya ragi, in aka taya sai ya ci gaba da abin da yake yi. Ga hoton da ke cikin waya wanda gobe za a iya sake wankowa, wannan kuɗin ɓarna ne, a kai kasuwa. Ga abin da babu irinsa, araha ba ta ado, kuma na ga abin da arahar ta yi wa rubutun malam.

Wani abu da yake yi ba a tambaye shi ba: a bayan kowane firam yana liƙa 'yar takarda ya rubuta da fensir sunan mai zanen, shekara, da inda aka saya. Ɗalibin da ya yi dawakin bai sa hannu ba, Baba ya sa aka nemo shi a jami'a ya zo ya sa. Na san masu cewa a sayi aikin ɗalibai don wata rana zai yi kuɗi, suna kafa hujja da Tutu, zanen da Ben Enwonwu ya yi a 1974, wanda aka gano a wani gida a arewacin Landan aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Irin wannan sau ɗaya ne a dubu, kuma wanda ya sayi zanen da ba ya so don jiran gwanjo zai daɗe yana kallon abin da ba ya so. Amfanin takardar ya fi kusa: yaranmu su san wannan allon na waye, wannan rubutun hannun wa ne.

Ya kuma ja min kunne kan masu yawo da kawunan yumɓu a jaka suna cewa na Nok ne, an tono a gona. Yawancinsu sababbi ne aka gasa aka shafa wa ƙasa. In kuma na gaske ne, to matsalar ta fi girma, domin dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukuma ko wanda ta amince wa. Mai son yumɓu a falo ya sayi sabon aiki a hannun masu ginin tukwane na yankin Suleja da Bwari, ƙasar Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira ashirin, ya san abin da ya saya kuma kuɗinsa ya shiga hannun mai aikin. Tukwane da ƙore dai Baba ba ya taɓa su, ya ce aikin kanta ne, a nemi kafinta.

Mai niyyar zuwa ya tafi da awon bangonsa da hoton ɗakin da aka ɗauka da rana, ya san kuma ta ina taga take. Kada a je dab da lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke shirin baje koli, don a makonnin nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ranar ɗauka a zo da barguna, shi ba ya naɗe kaya sai da jarida. A jera firam ɗin a tsaye a kujerar baya, fuska da fuska da bargo a tsakani, a ɗaure da bel, kada a kwantar da su a but, don gilashin da ke kwance shi ne ke fashewa a ramin farko bayan an fita Kwangila.